Zunubi Ne, Ciwo Ne, Ko Rauni? Tarihin Ba da Shawara a Cikin Ikkilisiya

A wannan darasi za mu duba tarihin wani aiki da ikkilisiya ta daɗe tana yi, wato zama da mutumin da zuciyarsa ta yi nauyi domin a ba shi shawara. Da wuya a sami gidan da wannan magana ba ta shafa ba. Akwai uwar da ta daina ci da barci tun da ta haihu. Akwai saurayin da yake jin muryoyin da ba wanda yake ji sai shi. Akwai magidancin da laifin da ya ɓoye yake cinsa dare da rana. Sai iyali su tsaya suna tambaya: wurin fasto za mu kai shi, ko asibiti? In mun kai shi asibiti, mun nuna rashin bangaskiya ke nan?

Ba a gidajenmu aka fara yin wannan tambaya ba. Masu bi a Turai da Amurka sun yi shekaru masu yawa suna gardama a kanta, musamman bayan da ilimin halayyar ɗan Adam ya zama fanni mai zaman kansa. Abin da tarihin nan yake koya mana shi ne, nauyin zuciya ba iri ɗaya ba ne. Wani daga zunubi yake fitowa, wani daga ciwon jiki, wani kuma daga raunin da aka yi wa mutum. Duk lokacin da aka kira ɗaya da sunan ɗaya, mai wahalar ne yake ƙara shan wuya.

Abin da muka tarar a Littafi Mai Tsarki

A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya je wurin sarki Dauda bayan maganar Bat-sheba da Uriya. Bai lallashe shi ba. Ya ba shi misali, ya nuna masa laifinsa a fili, Dauda kuwa ya tuba. A 1 Sarakuna sura 19 kuma muna ganin Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ikan Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Sai daga baya, a Horeb, Allah ya yi magana da shi, ya ba shi sabon aiki da abokin aiki. Abokan Ayuba kuwa sun yi daidai a kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Da suka buɗe baki suka nace cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, sai Allah ya yi fushi da su, kamar yadda sura 42 ta nuna.

Manzo Bulus ya tattara wannan hikima a 1 Tasalonikawa 5:14. Ya ambaci mutane iri uku, ya ba kowanne abin da ya dace da shi: gargaɗi ga mai taurin kai, ƙarfafawa ga wanda zuciyarsa ta karaya, taimako ga rarrauna. Haƙuri ne kaɗai ya ce a yi da kowa. Aikin mai ba da shawara na farko, ashe, shi ne ya gane wane irin mutum ne yake zaune a gabansa.

Makiyaya na dā

A shekara ta 590 aka naɗa Giregori bishop na Roma. Ba da daɗewa ba ya rubuta littafi a kan aikin makiyayi. Ya kwatanta makiyayi da likita, ya ce maganin da ya warkar da wani yana iya cutar da wani. Ya jera mutane kashi fiye da 30, biyu biyu: yara da tsofaffi, matalauta da masu arziki, masu murna da masu baƙin ciki, masu yawan magana da masu yawan shiru. Ya bayyana yadda za a bi da kowanne. Littafin ya yi amfani ƙwarai, har bayan shekara 300 sarki Alfred na Ingila ya sa aka juya shi zuwa harshen mutanensa, aka aika wa bishop-bishop na ƙasar.

Bayan shekara dubu sai ga Richard Baxter, faston garin Kidaminista a Ingila. A littafin da ya fitar a 1656 ya ba da labarin yadda shi da mataimakinsa suke ware Litinin da Talata domin ganawa da iyalai 15 ko 16 kowane mako, don su gama da iyalai 800 na garin a cikin shekara. Da yake garin ba shi da likita, Baxter ya yi 'yan shekaru yana ba da magani da kansa kafin ya samo musu likita. Wannan ya sa ya ga masu baƙin ciki mai tsanani da yawa. Ya lura cewa da dama daga cikinsu masu tsoron Allah ne, amma suna ganin Allah ya yashe su. Ya gane akwai hannun ciwon jiki a ciki. Shawararsa ita ce kada a bar su su kaɗai, kada a ɗora musu dogon tunani a kaɗaice, su riƙa yin gajeruwar addu'a, su sami aikin hannu, su kuma ga likita. Baxter mutum ne mai tsanani a kan zunubi, duk da haka bai ɗauki kowane baƙin ciki a matsayin zunubi ba.

A zamanin nan ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a gidajen da aka gina dominsu. A 1790 wata mace daga cikin masu bi da ake kira Kwaka ta mutu a irin wannan gida a birnin Yok, bayan an hana 'yan'uwanta masu bi su ziyarce ta. Abin ya taɓa wani ɗan kasuwar ganyen shayi mai suna William Tuke. Ya tara kuɗi, a 1796 ya buɗe sabon gida inda ba a amfani da sarƙa. Marasa lafiya suna cin abinci mai kyau, suna aikin lambu, ana yi musu magana da ladabi. Bangaskiyarsa ce ta gaya masa cewa wanda hankalinsa ya gushe bai daina zama mutumin da Allah ya halitta ba. Likitoci da yawa suka koya daga wannan gida.

Sabon ilimi ya iso

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 masana suka fara binciken tunanin mutum kamar yadda ake binciken jini ko ƙashi. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Sigmund Freud, likita a birnin Viyena. Ya koyar cewa abubuwan da mutum ya danne a zuciyarsa tun yana yaro su ne suke fitowa daga baya a matsayin ciwo, kuma magana tana iya fito da su. Freud bai gaskata da Allah ba. A 1927 ya rubuta cewa addini mafarki ne na ɗan Adam, wanda yake neman uba a sama saboda tsoron duniya. Ba abin mamaki ba ne da fastoci da yawa suka ɗauki sabon ilimin a matsayin abokin gāba.

Amma Freud yana da aboki fasto, Oskar Pfister na birnin Zurik a ƙasar Siwizalan. Sun yi shekara 30 suna rubuta wa juna wasiƙu, daga 1909. Pfister ya yi amfani da hanyar sauraro ta Freud a aikinsa na kiwon garke, amma ya ƙi yarda da hukuncinsa a kan bangaskiya. A 1928 ya rubuta amsa, Freud kuma ya buga ta a mujallarsa. Pfister ya nuna cewa abin da likita ya gani da idonsa a wurin marar lafiya daban yake da ra'ayin likitan a kan Allah. Ana iya karɓar na farko a bar na biyu.

Fasto a ɗakin masu taɓin hankali

A Amurka canji ya zo ta hannun wani fasto da shi kansa ya kamu da ciwon. Sunansa Anton Boisen. A 1920, yana wajen shekara 44, hankalinsa ya rikice, aka kwantar da shi wata 15 a asibitin gwamnati a jihar Masachusets. A can ya ga abu biyu. Likitoci ba su damu da tambayoyin da marasa lafiya suke yi a kan Allah da laifi ba. Fastocin da suke zuwa wa'azi ranar Lahadi kuma ba su san mutanen da suke yi wa magana ba. Ya tuna wani da ya yi musu wa'azi a kan ayar nan ta ƙwaƙule idon da yake sa mutum tuntuɓe, a gaban mutanen da suna iya tashi su aikata hakan da hannunsu.

Da ya fito, ya zama faston asibitin Wusta a 1924. Shekara ta gaba ya kawo ɗaliban makarantar tauhidi su yi hutunsu suna aiki a ɗakunan marasa lafiya. Ya ce mai shirin zama fasto ya koyi karanta mutum mai rai kamar yadda yake koyon karanta littafi. Ciwon ya sake komo wa Boisen daga baya, amma aikin ya ci gaba, har ya zama hanyar horar da fastocin asibiti a ƙasashe da yawa.

Sai abin ya karkata gefe ɗaya. Carl Rogers, wanda ya fara karatun fasto a Niyok kafin ya koma ilimin halayya, ya fitar da littafi a 1942. Ya koyar cewa mai ba da shawara kada ya nuna wa mutum hanya. Ya saurare shi, ya karɓe shi yadda yake, domin amsar tana cikin mutumin. Makarantun tauhidi da yawa suka rungumi wannan. Fastoci suka koyi sauraro, wannan kuwa riba ce babba. Amma wasu suka kai inda ba sa iya ce wa mazinaci ya tuba. Mai laifin da ya zo yana neman gafara sai a sallame shi da cewa kada ya matsa wa kansa.

Ina zunubi ya tafi?

Abin mamaki, masana ilimin halayya ne suka fara kuka a kan wannan. O. Hobart Mowrer, wanda ya shugabanci ƙungiyar masanan a Amurka a 1954, ya yi fama da baƙin ciki mai tsanani a rayuwarsa. Ya kai ga ganin cewa mutane da yawa suna wahala ne saboda laifi na gaske da suka ɓoye, kuma furta laifin da gyara ɓarnar shi ne maganinsu. A 1961 ya kwatanta ikkilisiya da Isuwa, wanda ya sayar da gādonsa saboda kwanon abinci. A 1973 kuma sanannen likitan ƙwaƙwalwa Karl Menninger ya rubuta littafi yana tambayar abin da ya sami kalmar zunubi.

Wani fasto mai suna Jay Adams ya yi aiki tare da Mowrer a asibitoci biyu a jihar Ilinoi a 1965. Daga nan ya koma koyarwa a makarantar tauhidi ta Westminster a Filadelfiya, a 1970 ya fitar da littafin da ya girgiza ikkilisiyoyi. Ya dogara ga Romawa 15:14, inda Bulus ya shaida cewa masu bi sun isa su gargaɗi juna. Ya ce ba da shawara aikin fasto ne da jama'ar Allah, Littafi Mai Tsarki kuma ya isa ga wannan aiki. Ya yarda cewa in ƙwaƙwalwa ta sami lahani, aikin likita ne. In ba haka ba, a ganinsa, yawancin abin da ake kira ciwon tunani zunubi ne da ba a magance ba.

Adams ya mayar wa fastoci da ƙarfin hali su buɗe Littafi a gaban mai damuwa. Amma masu sukarsa sun ce ya yi saurin ɗaukar matsayin Natan a inda ake bukatar mala'ikan da ya ciyar da Iliya. Waɗanda suka gāji aikinsa, kamar David Powlison da Edward Welch, sun ƙara ba da wuri ga wahalar da ba mutum ne ya jawo wa kansa ba, da kuma ciwon ƙwaƙwalwa.

A ɗaya gefen akwai masu bi da suka zaɓi su shiga ilimin su tace shi. Clyde Narramore ya fara shirin rediyo a 1954 yana amsa wasiƙun masu sauraro a kan aure, renon yara da damuwa. A 1965 makarantar tauhidi ta Fuller a Kalifoniya ta buɗe sashen horar da masana ilimin halayya. A 1980 Gary Collins ya fitar da littafin jagora da fastoci suka yi amfani da shi a ƙasashe da yawa. Hujjarsu ita ce duk gaskiya ta Allah ce. In mai bincike ya gano yadda rashin barci yake rikita tunani, abin da Mahalicci ya sa a jikinmu ne ya gano, ko da shi bai san Mahaliccin ba. Hatsarin wannan hanya shi ne mutum ya kwashi koyarwar duniya dungum, ya liƙa mata aya ɗaya a sama. Har yau ɓangarorin nan biyu suna nan, suna gyara wa juna.

Ana cikin wannan gardama, magani ma ya canja. A 1952 likitoci a Faris suka fara amfani da ƙwayar da take kwantar da rikicewar hankali, a 1957 kuma aka sami ta baƙin ciki mai tsanani. Mutanen da dā za su ƙare rayuwarsu a kulle suka koma gida. Ƙwayoyin ba sa warkar da kowa, suna kuma da nasu lahani, amma sun tabbatar da abin da Baxter ya lura da shi shekara 300 kafin nan. A 2013 ɗan sanannen fasto Rick Warren ya kashe kansa bayan doguwar fama da ciwon tunani, a gidan da ba a rasa addu'a ko likita ba. Shekara ta gaba iyayensa suka kira babban taro a majami'arsu domin ikkilisiya ta daina ɓoye wannan ciwo saboda kunya.

Rauni, da abin da Afirka ta ƙara

Kashi na uku, wato rauni, shi ne ya fi daɗewa bai sami suna ba. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka rubuta shi a littafinsu a matsayin ciwo: mutum ya ga abin tsoro, abin ya wuce, amma yana ta komo masa a mafarki da firgita. Irin wannan mutum bai yi laifi ba, shi aka yi wa.

A nan tarihin ya iso ƙasarmu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai su sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Lambo ya gane cewa a wurinmu ba a raba mutum da danginsa a ce za a warkar da shi. Duniya ta koyi wannan daga gare shi, daga baya kuma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A 2002 kuma shugabannin ikkilisiya daga ƙasashen Afirka da yaƙi ya ɓata suka taru a Kenya tare da masu juya Littafi Mai Tsarki, da likitan ƙwaƙwalwa, da ma'aikaciyar jinya. Daga aikinsu aka buga littafin warkar da raunin zuciya a Nairobi a 2004. An rubuta shi da sauƙi domin a juya shi zuwa harsunan gida, gama mutum da harshen uwarsa yake kuka. Yana koya wa ikkilisiya ta saurari labarin mai rauni, ta bar shi ya yi makoki irin na Zabura, ta kuma san lokacin da za a nemi likita. Ikkilisiyoyi a Nijeriya da rikici ya raba mutanensu da gidajensu sun yi amfani da irin wannan koyarwa.

Duk da haka da sauran aiki. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton masu taɓin hankali da aka ɗaure da sarƙa a wurare da yawa a Nijeriya, har da wuraren addu'a na Kirista. Sarƙar da Tuke ya cire a 1796 ke nan. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Abin da za mu ɗauka zuwa gida

'Yan'uwa, in wani a gidanmu ya shiga irin wannan hali, mu fara da sauraro kafin mu ba abin suna. In akwai zunubin da yake ɓoye, ba ƙwayar da za ta wanke lamirinsa. Yana bukatar wanda zai gaya masa gaskiya cikin ƙauna, ya kai shi wurin gicciye. In ya yi kwanaki ba barci, yana jin muryoyi, ya daina ci, ko yana maganar kashe kansa, kada mu bar shi shi kaɗai, mu kai shi asibiti ba da jinkiri ba, muna addu'a a hanya. Kada kowa ya ce masa ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Bulus da ya ga al'ajibai da idonsa yana tafiya tare da Luka likita. In kuwa rauni ne aka yi masa, kada mu tilasta masa ya yi murmushi ko ya manta. Mu zauna tare da shi, mu ba shi lokaci.

Sau da yawa abu biyu ko uku sukan haɗu a kan mutum ɗaya, shi ya sa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fasto, dattawa, zumuntar mata, likita da dangi, kowa yana da nasa gefen da zai kama.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne ka san zuciyar kowane mutum. Ka ba mu hikima mu gane wanda yake bukatar gargaɗi, da wanda yake bukatar magani, da wanda yake bukatar ta'aziyya. Ka gafarta wa ikkilisiyarka inda ta ƙara wa masu wahala nauyi. Ka albarkaci fastoci da likitoci da dukan masu jinya a gidajenmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.